Littafi Ɗaya, Hannu da Yawa: Girka Manhajar Akanta a Saba a Briqueterie

Ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa a unguwar Briqueterie ta Yawunde da wuya ka same shi da ƙofa ɗaya. Shagon atamfa da shadda yana nan cikin unguwa, ba nisa da babban masallaci. Sito yana can wajen kasuwar Mokolo. Akwai ɗa ko ƙane a Duwala mai fito da kaya daga tashar jirgin ruwa, wataƙila kuma ga reshe a Ngawundare ko Garwa. Akanta kuwa sau da yawa ba ɗan gida ba ne, yana da ofishinsa a cikin gari, yana riƙe da littattafan mutane da dama. Kowannensu yana taɓa kuɗi ko kaya, kuma kowa yana rubutawa a inda yake. Ƙarshen wata a zauna haɗa lissafi, yaron shago ya ce turmi arba'in ya karɓa, mai sito ya ce arba'in da biyu suka fita, fayil ɗin da aka kai wa akanta a filas kuma na makon jiya ne. Ba lallai wani ya ci amana ba. Littafin ne ya rabu uku.

Maganin shi ne a tara lissafin a kwamfuta guda, wadda ake kira saba. Manhajar akanta da rumbun bayananta duka su zauna a cikinta, kowa kuma ya shigo daga inda yake ta hanyar da Microsoft ta sa wa suna Remote Desktop, wadda a Windows na Faransanci za ka gani da sunan Bureau à distance. Abin da ke tafiya Duwala hoton fuskar kwamfutar ne kawai, abin da ke dawowa kuma shi ne abin da mutum ya latsa. Lissafin kansa ba ya motsawa ko taku ɗaya. Idan intanet ta yanke yaron Duwala yana tsakiyar rubuta rasit, allo zai daskare a gabansa, amma a Yawunde manhajar tana nan a buɗe, rasit ɗin yana nan a layin da ya tsaya, intanet na dawowa ya ɗora. Wanda kuwa ya buɗe fayil ɗin lissafi kai tsaye daga nesa, ko ya jefa shi cikin Dropbox ko Google Drive don kowa ya ja nasa kwafin, ranar da mutum biyu suka rubuta lokaci guda ko layi ya yanke ana cikin rubutu, fayil ɗin zai lalace ko ya rabu biyu. Kada ka yi wannan ko da na kwana ɗaya ne.

Ba kowa ne yake bukatar wannan ɗawainiya ba. Kamaru tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar Port Louis a 1993, kuma sakatariyarta ta dindindin a nan Yawunde take. Nijar ma tana ciki, Najeriya ce ba ta ciki. Dokar lissafin ƙungiyar da aka sabunta a Janairun 2017, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, ta yarda mai saye da sayarwa wanda cinikinsa na shekara bai kai sefa miliyan 60 ba ya riƙe ɗan taƙaitaccen lissafin shiga da fita. Ga masu sana'ar hannu iyakar miliyan 40 ce, masu aikin hidima miliyan 30. Tela mai keke uku da yara biyu, kwamfuta ɗaya ta ishe shi. Maganar saba tana tasowa ne idan an wuce nan, kuma mutum uku ko fiye suna bukatar littafin a lokaci guda daga wurare dabam-dabam.

Wannan doka ita ce kuma za ta zaɓa maka manhaja. Dole ta iya tsarin asusu na SYSCOHADA, ta iya harajin TVA na Kamaru da ke kashi 19.25 cikin ɗari, ta fitar da alƙaluman da akanta zai cika takardar ƙarshen shekara ta DSF da su. Shi ya sa Sage 100 ta yi kaka-gida a ofisoshin akantoci na ƙasashen renon Faransa. Abokan hulɗarka na Kano za ka ji suna zancen QuickBooks ko TallyPrime, su ma suna aiki a saba, amma sai an zauna an gina musu tsarin asusun OHADA da hannu. Shawarata, ka tambayi akantanka wadda hannunsa ya saba da ita kafin ka biya ko dala. Sannan ka tambayi dillalin manhajar abu biyu, ya ba ka amsa a rubuce: bugun da zai sayar maka na mutane da yawa ne, kuma kamfanin ya amince a girka shi a Windows Server mai Remote Desktop? A TallyPrime, misali, lasisin Silver na mutum ɗaya ne, Gold ne na jama'a.

A ina sabar za ta kwana

Hanya biyu ce. Ko ka sayi na'ura ka ajiye a bayan shago, ko ka yi hayar saba a wata cibiya, galibi a Turai, kana biya wata-wata. Ta haya ta raba ka da ciwon kan wuta da ƙura da ɓarawo. Amma ka tuna 14 ga Maris 2024, ranar da igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da SAT-3 da ACE da MainOne, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama har da Kamaru suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A irin wannan rana, mai saba a Faransa ba zai iya buga wa mai saye rasit ba alhali yana tsaye a gabansa, mai saba a bayan shago kuwa cinikinsa ba zai tsaya ba. Idan yawancin ma'aikatanka a gini ɗaya suke, biyu ko uku ne a nesa, ajiye ta a gida. Idan kowa a warwatse yake, babu wata cibiya, haya ta fi.

Mu ɗauka a gida za ta zauna. Ga mutum biyar zuwa takwas, na'ura mai RAM gigabait 32 da faifan SSD biyu da aka haɗa a tsarin RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya yana ɗayan, za ta ɗauki aikin ba tare da nishi ba. Kada a ajiye ta a ƙasa, kada a cusa ta tsakanin dilolin yadi inda iska ba ta ratsawa, ƙurar auduga tana toshe fanka cikin 'yan watanni. A sama mata kanta a ɗaki mai kwaɗo. Kuma ba kwamfutar kallon ƙwallo ba ce, babu mai zama a gabanta.

Wuta ita ce babbar abokiyar gaba. Rumbun bayanai ba ya yafe yankewar wuta yana cikin rubutu. Ka sayi UPS, wanda a shagunan Yawunde za ka tambaya da sunan onduleur, ka jona masa sabar da rauta da na'urar raba layi duka, don babu amfanin saba mai rai idan hanyar zuwa gare ta ta mutu. Abin da mutane ke mantawa shi ne 'yar igiyar USB da ke zuwa cikin kwalin. Ita ce ke gaya wa saba cewa batir ya kusa ƙarewa, ta rufe kanta cikin natsuwa. A jona ta, a girka manhajarta, sannan a shiga BIOS a saita na'urar ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, don kada na Garwa ya zauna jiran wanda zai zo da mabuɗi daga unguwar Tsinga. A garin da ke da damina biyu a shekara da tsawa mai yawa, wayar ƙasa ta gaskiya da abin kare tsawa ba almubazzaranci ba ne.

Maganar lasisi

Nan ne ake yawan yi wa 'yan kasuwa rufa-rufa. Windows 10 ko 11 Pro mutum ɗaya kawai take ɗauka a lokaci guda, na biyu na shiga na farko zai fita. Akwai masu gyara da ke yi mata wani kwaskwarima don ta ɗauki mutane da yawa. Ya saɓa wa sharuɗɗan lasisi, kuma sabuntawar Windows ta gaba tana iya rushe shi da safiyar Litinin. Abin da ya dace shi ne Windows Server, kuma wadda har yanzu ake tura mata gyara: ta 2012 R2 an daina kula da ita tun Oktoban 2023, ta 2016 wa'adinta Janairun 2027 ne, ta 2022 kuwa tana da rai har 2031.

Ita ma Windows Server, haka kawai, mutum biyu take bari su shiga, kuma don kula da na'urar ne. Sai an kunna mata sashen Remote Desktop Services, an sayi lasisin shiga da ake kira RDS CAL, ƙari a kan CAL na Windows Server ɗin kanta. Ga tarkon: bayan kunnawa, Microsoft tana ba da kwana 120 kyauta. Mai girkawa ya gama aiki, komai yana tafiya sumul, a sallame shi. Bayan wata huɗu, ranar da aka fi bukata, kowa ya tarar da ƙofa a rufe. Saboda haka kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ka ce a buɗe maka manajan lasisi ka ga adadin da idonka. CAL iri biyu ne, na mutum da na na'ura. Ƙaramin kamfanin da bai kafa Active Directory ba, na na'ura ne kawai zai yi masa, sai a ƙirga kwamfutocin da za su shigo. Idan kuma ana son Excel a cikin sabar, shi ma sai da irin lasisin da ya halatta amfanin tarayya.

Tsarin girkawa gajere ne idan an bi shi a jere: Windows da duk gyare-gyarenta, lambar IP tsayayya, sashen Remote Desktop da na lasisi, sannan rumbun bayanai, manhajar akanta a ƙarshe. Sage 100 tana zaune ne a kan SQL Server, kuma bugun Express na kyauta, na 2019 da na 2022, yana tsayawa a gigabait 10 ga kowane rumbu, abin da zai ɗauki matsakaicin shago shekaru, amma a riƙa leƙa girmansa. A QuickBooks, a girka Database Server Manager, kuma saba ce kaɗai za ta karɓi baƙuncin fayil. Idan wata kwamfutar ta kunna wannan, saƙonnin kuskure masu farawa da H za su fara fitowa.

Kafin a shigar da lamba ta farko, a daidaita yare da yanki ga kowane asusu. Wannan ƙaramin abu ne mai ɓata babban lissafi. A tsarin Faransanci waƙafi ne ke raba lamba da ɓurɓushinta, a na Ingilishi kuwa waƙafi dubbai yake rabawa. Wanda ya rubuta 12,500 yana nufin dubu goma sha biyu da ɗari biyar, manhajar da ke kan tsarin Faransanci za ta karanta goma sha biyu da rabi. Haka kwanan wata: 03/04 a tsarin Amurka 4 ga Maris ne, a namu 3 ga Afrilu. Haka kibod: wanda aka sayo daga Najeriya ko Dubai QWERTY ne, na Faransa AZERTY, harafin A da Q sun yi musayar gida, lambobin sama kuma sai an danna Shift. Sau da yawa wanda ke rantsuwa cewa kalmar sirrinsa ta daina aiki, kibod ne ya juye masa.

Ƙofa

Remote Desktop tana sauraro a ƙofa mai lamba 3389. Hanya mafi sauƙi, wadda mai gaggawa zai bi, ita ce ya buɗe wannan ƙofa a rauta ta fuskanci duniya. Kada ka yarda, ko wa ya ba ka shawarar. Akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai laluben wannan lamba a faɗin intanet suna gwada kalmomin sirri, kuma tana cikin manyan hanyoyin da masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa ke shigowa. A Mayun 2019 Microsoft ta toshe wata ɓaraka da aka sa wa suna BlueKeep, wadda ke ba maharin damar shiga tsofaffin Windows ba tare da kalmar sirri ba ma. Sauya lambar ƙofar zuwa wata ba kariya ba ce, masu lalube duka suke bi.

Abin da ake yi shi ne a sa VPN a gaba, irin WireGuard ko OpenVPN, wanda rauta da yawa ke ɗauke da shi. Matsayinsa matsayin zaure ne a gidan Bahaushe: baƙo a nan yake tsayawa, sai an san ko shi wane ne kafin ya ga tsakar gida. Kowace kwamfuta da mabuɗinta, idan ta ɓace ko aka sallami mai ita, a soke nata kaɗai. Babban kamfani yana iya amfani da RD Gateway, mai bi ta ƙofa 443 da takardar shaida. Wani abin lura: layukan waya na 4G galibi ba sa ba ka lambar IP taka ta kanka, kuna raba ɗaya ne da jama'a da yawa, don haka ba a iya kiran rautarka daga waje. Idan za ka ɗauki layi a Camtel ko MTN ko Orange, ka tambaya a fili ko suna ba da IP na fili mai tsayawa. In babu, mai girkawa ya bi ta ƙaramar saba ta haya a matsayin mahaɗa. Ba a bukatar layi mai faɗi sosai, tunda rubutu da lambobi ne ke yawo. Layin da ba ya rawa ya fi mai gudu amma yana tsinkewa. Layi na biyu daga wani kamfani dabam yana biyan kuɗinsa ranar da na farko ya kwanta.

Kowa da sunansa

Wannan sashe shi ne ya fi wuya, domin ba na'ura ba ce matsalar, kunya ce. A gidajenmu ana jin nauyin ce wa ƙane ko ɗan 'yar'uwa ga iyakarka. Sai a buɗe asusu ɗaya mai suna kanti, kalmar sirri a manna a jikin allo, kowa ya shiga da shi. Ranar da aka ga an rage farashin shadda yadi ɗari ba da izini ba, mutum shida ne abin zargi, biyar daga cikinsu ba su ji ba ba su gani ba. Raba suna kariya ce ga mai gaskiya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaida ta sauka, kuma ga muminai aka yi umarnin.

Don haka kowane mutum asusu biyu: na Windows da na cikin manhajar. A Windows a sa shi cikin rukunin masu shiga daga nesa kawai, ba cikin masu iko ba. Asusun mai iko na maigida ne da mai kula da na'ura, kuma ba da shi ake aikin yau da kullum ba. A saita kulle asusu bayan an yi kuskuren kalmar sirri sau da yawa. A cikin manhajar, mai karɓar kuɗi ya ga ciniki da akwatinsa, mai sito ya ga shiga da fitar kaya, akanta ya ga littafi duka, Alhaji kuma ya ga komai, ko daga wayarsa yana Makka ko Guwanzu. Akwai saitin da ke hana kwafar fayil daga saba zuwa kwamfutar mai shigowa. A kunna shi ga duk wanda aikinsa bai bukaci hakan ba.

Dokar OHADA ma tana bayan wannan tsari. Sashe na 22 ya ce lissafin da aka riƙe a kwamfuta dole a tabbatar da shigarwarsa aƙalla duk wata, bayan nan ba gogewa ba sauyawa, sannan a rufe zango aƙalla duk wata uku. Kuskuren da aka gano daga baya da sabuwar shigarwa ake gyara shi, tsohuwar tana nan ana gani. Tunda ana kai bayanin TVA kafin 15 ga watan da ke biye, sai akanta ya mai da makon farko na kowane wata lokacin tabbatarwa.

Akwai wata ɗabi'a da sai an koya wa ma'aikata da baki. Danna X a saman allo ba fita ba ne. Zaman mutum yana nan a cikin saba, manhajar a buɗe, tana riƙe da gurbin lasisi ɗaya, wani lokacin tana riƙe da rasit ɗin da wani ke son buɗewa. A rufe manhajar akanta tukuna, sannan a fita daga asusun Windows. Mai girkawa kuma ya saita cewa zaman da aka yasar ya mutu bayan awa biyu ko uku, ba bayan minti biyar ba, don kada yankewar layi ta cinye wa mutum aikinsa. Ayyuka irin su rufe shekara da sabunta manhaja suna bukatar kowa ya fita, sai a sa musu lokaci sananne, misali bayan Isha. Gyaran Windows yana fitowa Talata ta biyu a kowane wata, a ware dare ɗaya a wannan mako don girka shi da sake tayar da na'urar. Firinta kuwa, ta A4 takan bi mutum cikin zamansa ba matsala, amma ƙaramar firintar rasit mai zafi takan so a girka direbanta a sabar ma. A gwada kowace ɗaya daga reshenta kafin a sallami mai aiki.

Kwafin ajiya

Faifai biyu na RAID suna kare ka ne daga mutuwar faifai kawai. Abin da aka goge ko aka kulle, a duka biyun ya tafi. Sashe na 24 na dokar ya wajabta ajiye littattafai da takardun shaida shekara 10, saba kuwa da wuya ta kai waɗannan shekarun. Ana bukatar kwafi uku: na cikin sabar, na faifan waje, da na wani wuri dabam. Faifan waje su zama biyu ana musanya su, ɗaya a jone, ɗaya a gida cikin akwati, domin manhajar fansa tana cinye duk abin da ta tarar a jone. Kwafin da zai tafi intanet a kulle shi da kalmar sirri tukuna.

Masu Sage su kula da wannan sosai. A bugun da ke kan SQL Server, fayil mai ƙarewa da .mae ko .gcm da kake dannawa ka buɗe kamfani ɗan ƙaramin manuni ne kawai, yana nuna inda rumbun yake. Mutum zai shekara yana kwafar sa a filas duk Juma'a hankalinsa kwance, alhali babu ko rasit ɗaya a ciki. Dubi girmansa, 'yan kilobait ne. Kwafin gaskiya shi ne wanda SQL Server ko manhajar ta fitar da kanta, galibi mai ƙarewa da .bak. Bugun Express ba shi da mai tsara aiki na kansa, sai a ɗora umarnin a kan Task Scheduler na Windows ya gudana kowane dare. Duk wata uku a ɗauki kwafin jiya, a mayar da shi a wata kwamfuta, a buɗe, akanta ya duba ko jimillar ta yi daidai da ta sabar.

Lokacin ƙaura zuwa sabar ma a zaɓe shi. Shekarar lissafi a ƙasashen OHADA daga 1 ga Janairu take farawa, don haka a girka a Nuwamba, a yi gwaji da kamfanin wasa a Disamba, kowane reshe ya shiga ya buga rasit, a cire wutar saba da gangan a ga ko UPS zai yi aikinsa, a ƙirga kayan sito, sannan a buɗe sabuwar shekara da ragowar gaskiya. Goman ƙarshe na azumi da makon babbar salla, lokacin da teloli da masu sayen yadi suka cika layukan unguwa har tsakar dare, kada a taɓa komai a sabar. Sunayen asusu, mabuɗan lasisi, kalmar sirrin mai iko da ta rauta da ta kwafin ajiya, a rubuta su a takarda, a sa a ambulan, ta zauna a hannun maigida, ba a wayar mai girkawa kaɗai ba.